Sunan Baba a Kan Littafina

Zuwa ga ƙanwata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da mutanen gidanmu na Pumpumre. Yaya idon Baba? Mu nan Gabon lafiya lau, sai dai natsuwa ta gagare ni, ko a kan sallaya.

Kin san labarin da na rubuta don tarbiyyar 'yan mata. Shugaban wata ƙungiyar marubuta ta WhatsApp ya yi alkawarin buga shi, na tura masa duka ba tare da istihara ba. Yanzu yana sayar da shi shafi-shafi, ya cusa zantukan batsa don jan masu karatu. Bai cire sunana ba, kuma bisa al'ada na haɗa da na Baba: Iyatu Malam Dawuda.

Ina ta tambayar kaina, amfanar mutane na nufa, ko yabonsu na yi kwaɗayi?

Tunda idonsa ya raunana, ɗalibansa ke karanta masa abin da ya shigo waya. Don Allah ki riga su. Ki durƙusa gabansa, ya ji daga bakin 'yarsa.

Allah Ya rufa mana asiri.

Addarki,
Iyatu