Saniya Mai Lamba Tara

Gubi, Bauchi
3 ga Maris

Hamma Mudathir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Adda Hafiza da yara. Ya sanyin Jos?

Ka tambayi aikin digirina. Manhaja na gina, irin wadda ake kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa wajen ƙera ta. Na nuna mata dubban hotunan shanu har ta gane saniya, abin da kai ka iya kana shekara biyu. Yanzu idan garken Baba ya gangaro shan ruwa a dam, takan zana wa kowace saniya akwati da lamba, ta bi ta a bidiyo. Matsalarta ɗaya: idan farare biyu suka gitta juna, sai ta musanya musu lamba.

Malamina ya ce in samo wanda zai duba kurakuranta. Wa ya kai Baba? Da ya ji zancen lambobin ya ɓata rai, don ka san ba a ƙirga masa shanu. Na rantse masa suna ne, ba ƙidaya ba. Ranar Asabar zan kai masa kwamfutar can gida, Miri.

Ƙanwarka,
Zakiyya

10 ga Maris

Hamma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Mun zauna a zaure ni da Baba, yana kiran sunayen shanun ina rubutawa. Da Wule ta gitta Amare, manhajar ta ɗauke lamba tara daga kanta ta ɗora wa Amare, kamar kullum. Na jira Baba ya yi mata dariya. Sai ya nuna Amare ya ce Wule ce. Na maimaita wurin sau uku, sau uku yana yarda da na'ura. Mutumin da yake gane saniyarsa daga ƙetaren ruwa!

Can ya matso da fuskarsa dab da allon, ya ce in ƙara murya. Bidiyon ba shi da sauti, Hamma. A nan na fahimci da kunne ya daɗe yana kiwo. Na dubi idonsa da kyau, na ga farar yana.

A takarda, manhajata ta ci jarrabawa, tunda gwani ya gaskata ta. Ban kai wa malamina sakamakon ba. Ban kuma gyara wa Baba ba; bakina bai iya ba.

Likitan ido yana duba mutane ranar Talata. Ni ba zai bi ni ba, zai ce boko ne ke damuna. Kai zai bi. Ka zo ranar Litinin, amma kada ka ambaci Wule. Ka ce naka idon za a duba, rakiya kake so.

A gaida Adda da yara.

Ƙanwarka,
Zakiyya