Ranar da Na Ce Kai Mai Gyaran Rediyo Ne

Hasan, ɗan'uwana, abokin tagwaicina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma da wuya ta same ka, tunda ɗakinka na unguwar Mayo ba shi da lamba, mai raba wasiƙa bai taɓa shiga lungun ba. Amma na rasa wanda zan faɗa wa abin da ke raina, shi ya sa na yago takarda daga littafin yara nake rubuta maka Hausa da baƙaƙen Larabci, yadda ka koya mini.

Unguwarmu Alsawra ta Umdurman tana nan yadda ka bar ta. Sukari sai da kati, burodi sai an bi layi. Har yanzu sojoji suna tare motoci a bakin gada suna sauke samari su kai su yaƙi, don haka na hana ɗana Bashir tsallakawa Khartum. Idon maigidana Malam ya ƙara rauni, yanzu ɗalibansa ne suke karanta masa littafi yana gyara musu da ka. Wurin zamanka na ƙarƙashin baranda a kasuwar Suk al-Arabi wani mai agogo ya gaje shi. Na wuce ta wurin sau ɗaya, na kawar da kai.

Ka tuna sansaninmu na 'yan ƙwadago a Jazira, lokacin ɗibar auduga? Ka tuna waƙar nan da Inna take ja a hankali idan rana ta take, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe? Kai ne ka fara kaɗa ta a kan molon da ka haɗa da gwangwanin mai da wayar birkin keke. Malamin makarantarmu ya taka har gida ya ce wa Baba bai taɓa koyar da yaro mai kanka ba, a bar ka ka ci gaba. Baba ya ce auduga ba ta jira. Daga nan ka tafi Bur Sudan dako a tashar jiragen ruwa. Bayan shekaru ka dawo mana da jita, da tarin faifai, da Turancin da ka tsinta a bakin ma'aikatan jirgi. Babu wanda ya zaunar da kai ya koya maka ko ɗaya.

Ranar da ka dawo ka sa mana faifai, wani mutum yana kuka da murya, jita tana amsa masa. Ka ce sunan kiɗan bulus. Ka ce na baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayi, waɗanda su ma auduga suka ɗiba a gonar da ba tasu ba. Sai ka ɗage allura, ka ɗauki jitarka ka kaɗa waƙar Inna, ni kuwa na kasa gane inda tasu ta tsaya tamu ta fara. Inna ta tsaya sauraro har kisirar da take yi, wainar dawar nan, ta ƙone. Har ta rasu tana zaton Bulus wani abokinka ne Kirista, takan ce ka gaishe shi. Ka yi ta yi mata bayani, daga baya ka haƙura kana cewa zai ji.

Ban taɓa gaya maka ina son kiɗanka ba. Ina so, Hasan. Idan an sa ka a rediyo nakan rage murya in matso kusa, in Malam ya shigo in ce labarai nake jira.

Lokacin da dangin Malam suka zo neman aurena Baba ya riga ya rasu, kai ne waliyyi. Su gidan malamai ne, kakanninsu alhazai ne da suka taso daga Kano da ƙafa suka zauna a nan Sudan. Mu kuwa 'ya'yan 'yan ƙwadago. Tsohon, mahaifin Malam, ya tambaye ka sana'arka. Ina bayan katanga ina ji. Ka ce jita kake kaɗawa a otal-otal na bakin Nilu, kuma kana shan giya, gara su ji daga bakinka da su ji a kasuwa. Ka ce amma 'yar'uwarka ba ta taɓa barin salla ba, kada a ɗora mata laifinka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai tsohon ya ce bai taɓa samun surukin da ya hutar da shi bincike irinka ba, a sa rana. Ni kuwa na daina yi maka magana har ranar ɗaurin aure. Me ya sa tsohon da bai san ka ba ya ga abin da ni da muka kwanta ciki ɗaya na kasa gani?

Haka kake da kowa. Ba ka taɓa ce wa aragi magani ko ruwan sanyi ba, yadda abokanka suke sakaya sunansa. Giyar dabino ce, kuma haka kake kiran ta. Da na yi maka faɗa ba ka musu, ba ka rantse ka ce ka daina. Kakan ce gaskiya na faɗa, kuma ta fi ƙarfinka.

Da sojoji suka karɓi mulki, ƙofofin da kake ci da su suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Biki sai da takardar izini, kiɗa kuma a tashi da wuri. Abokan kiɗanka wasu suka gudu Alƙahira, wasu suka koma kaɗa waƙoƙin tura samari yaƙin Kudu. Kai ma an zo maka, da alkawarin albashi da gida. Wanda aka aiko tsohon mai gangarku ne, shi ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce ka ce masa ka yi wa mashaya kiɗa, kai ma mashayi ne, amma ba za ka yi wa 'ya'yan mutane kiɗan tafiya kabari ba. Ya ce ka faɗa a tsakiyar kasuwa, bai san lokacin da ya waiga ya ga ko wani ya ji ba. Daga nan ka koma Mayo cikin 'yan gudun hijira, ka kafa tebur a Suk al-Arabi kana gyaran rediyo. Jita ta koma ta ɗaki da ta maƙwabta.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da aka yi maka bulala a kotu saboda an kama ka da warin giya, gidana ka nufo. Bayan azahar ne. Ba ka san ina da baƙi ba. Hajiya Rabi ce, uwar yaron da ke neman 'yata Asiya, ta zo ganin gida ita da ƙannenta. Na shimfiɗa musu sabuwar tabarma, ina zuba musu gahawa, sai ga ka a bakin ƙofa. Ka rame, leɓenka ya bushe, jallabiyarka ta manne a bayanka. Hajiya ta tambaye ni wane ne. Na ce mai gyaran rediyo ne.

Ka dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Sai ka gaishe da baƙin da Larabci kamar baƙo, ka tambaya ina rediyon. Na miƙo maka tsohon rediyon Malam wanda ya daɗe da mutuwa. Ka tsuguna a zaure, ba ka jingina da bango ba, na san dalili. Ka ciro abin kwance noti daga aljihu, ka buɗe shi. Ina can ina dariya da baƙi, ina jin motsinka. Can sai muryar mai labarai ta cika gidan. Ka ajiye shi a bakin ƙofa, ka ce batir ɗin ya kusa ƙarewa a sayi sabo, ka fita. Ko ruwa ban ba ka ba. Kai da ba ka taɓa yi wa kanka ƙarya don ka tsira ba, ranar ka riƙe mini tawa har ka fita daga gidan.

Bikin Asiya ba ka zo ba. Ban ce kada ka zo ba, ban kuma ce ka zo ba. Ka aiko mata da turare da saƙon cewa ba ka jin daɗi. Na ji sauƙi a raina. Wannan ma ina so ka sani.

Kafin azumin da ya zama na ƙarshe gare ka, ka same ni ina wanki. Ka ce kana so ka gwada dainawa. Ka yi mini bayani dalla-dalla kamar likita. Ka ce rabonka da jin daɗin giya tun Inna tana da rai, yanzu kana sha ne don hannu ya tsaya ka iya riƙe kayan aiki. Ka ce kwanakin farko za ka yi amai, ka yi gumi, ka ga abubuwan da babu su, wataƙila ka zage ni, kada in ɗauka da zafi. Ka ce a Mayo ba za ka iya ba, domin warinta yana shigo maka ta taga. Abin da kake roƙo shi ne ɗakin ajiyar nan na bayan gida, da wanda zai rufe ƙofa ta waje. Na ce sai na tambayi Malam. Bayan kwana biyu na aika Bashir ya ce maka Malam bai yarda ba.

Ban tambaye shi ba, Hasan. Na yi tunanin maƙwabta, da ɗaliban Malam, da surukan Asiya idan suka ji ihu daga bayan gida.

Ka gwada kai kaɗai. Abuk ce ta rufe maka ƙofa, matar nan 'yar Kudu da ke dafa aragi a lungunku don ta ciyar da 'ya'yanta. Ita da take sayar maka, ita ta hana kowa a lungun ya sayar maka, ta dama maka kunu, ta wanke maka tufafi. Ka kai har bayan salla ba ka sha ba. Ka koma, ka sake dainawa, amma hanta ta riga ta tafi. Duk wannan ban san shi ba sai daga baya, domin ban je ba.

A zaman makoki na ce wa mata zazzaɓin cizon sauro ne ya kashe ka. Na ce ka daɗe da barin kiɗa. Ina cikin faɗin haka aka ce mini lungu ya cika. Direbobin tasi, da masu shayi na Suk al-Arabi, da 'yan Kudu, da tsofaffin makaɗa masu furfura, mutanen da ban taɓa gani ba, sun zauna a ƙasa cikin rana. Abuk ta shigo wajen mata da jitarka a naɗe cikin tsohon mayafi. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ajiye a gabana. Ta ce da Larabcinta na Kudu ka ce a kawo wa 'yar'uwarka, domin ita kaɗai ta san waƙar uwarku. Ta ce har makon ƙarshe kana kaɗa wa yaran lungu, kana kwance. Ta ce ka hana a kira ni, wai ina da baƙi da yawa. Ban san ko da zafi ka faɗa ba ko don ka rufa mini asiri. Ta juya ta tafi kafin in ce ta zauna ta ci abinci.

Bayan an watse Malam ya ga jitar a ɗaki. Na zaci zai ce a fitar da ita. Ya shafa ta da hannu, ya ce a sa ta inda ƙura ba za ta same ta ba. Ya ce ya daɗe yana mamakin abin da ya hana ka neman taimakonsa, shi da ya sha zaunar da masu irin lalurarka a zaurensa har su warware. Ya ce ko girman kai ne. Na bar shi yana zargin ka da girman kai. Sai da aka yi arba'in na iya buɗe baki na gaya masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Ya tashi ya yi alwala, ranar bai ci tuwon dare ba.

Ga labarin da na ajiye maka. Asiya ta sauka lafiya, namiji. Ita da mijinta suka ce sunanka za a sa. Ashe tun tana amarya takan ce za ta asibiti, mijin ya kai ta Mayo su zauna ka yi musu kiɗa. Ta fi ni zuciya.

Ana gobe suna Hajiya Rabi ta tambaye ni a gaban mata wane irin mutum ne wannan kawu da za a yi wa takwara. Na ce makaɗin jita ne, babu kamarsa a Umdurman, kuma ya fi duk wanda na sani kaifin kai da faɗin gaskiya. Na so in ƙarasa, in ce ya yi fama da giya, ya yaƙe ta, ta kashe shi. Na kasa. Rabin labarin na faɗa, kai da kake faɗin naka duka. Da za ta tafi na raka ta zaure, ta riƙe hannuna ta ce tun ranar ta gane, domin fuskarmu ɗaya, kuma ta ga jinin da ke bayan rigarka. Ta ce ta yi shiru ne don kada ta kunyata ni. Ashe kowa yana ta rufa mini asiri, ni ina zaton kai nake rufa wa.

An raɗa wa yaron suna. Yana da dogayen yatsu. Har yanzu ban iya kiran sunan da ƙarfi ba, nakan ce yaron Asiya. Ranar Juma'a Bashir zai raka ni Mayo in gaishe da Abuk. Ban san abin da zan ce mata ba, amma zan je.

Sau da yawa bayan ranar gyaran rediyon nan mun haɗu, mun gaisa, ka tambayi yara, ka tambayi idon Malam. Ban taɓa tambayar ka ko abin da na yi ya yi maka ciwo ba. Na san in na tambaya za ka faɗa mini gaskiya.

Ka yafe mini, ɗan Inna. Allah Ya gafarta maka abin da ka bayyana, ni kuma Ya gafarta mini abin da na ɓoye. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Husaina, daga Alsawra