Tofar Furana

Litinin, 5 ga Agusta, 1963
Maganin ciyawa ya iso, ganga huɗu, da famfon feshi na goyo. Tofa ta cinye rabin makiyayar Furana, in ta tsufa shanu ko kallonta ba sa yi. Makiyaya sun sha sara, sun sha ƙonawa, tana dawowa, don saiwarta na can ƙasa. Wannan magani har saiwa yake bi. In na kashe ta sai in shuka gamba. Ba a banza na yi shekara biyu a makarantar aikin gona ba.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na je rugar Bobbo, dattijon masu kiwo a wurin. Gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba. Da na gama bayani sai ya ce, “Ɗana, ka bar mini ta bakin fadama. In rani ya yi nisa wuta muke sa mata, ta yi toho, shi shanu ke lasa har ruwa ya sauka.” Na ce, “Baffa, baɗi war haka gamba za ta kai maka ƙugu.” Ya ce Allah ya sa. Tsoho dai da tsoron sabon abu.

Asabar, 24 ga Agusta
Na fesa ganga biyu, har bakin fadama. In aka bar mata ko taki ɗaya, daga nan za ta sake yaɗuwa. Kafaɗata kamar ba tawa ba, amma raina fes.

Talata, 17 ga Satumba
Tofa ta yi ja, ta kwanta. Na tono saiwa, ta ruɓe. Mutane har daga Malikanchi suna zuwa kallo. Gaskiya na ji daɗin kaina.

Laraba, 16 ga Oktoba
Irin gamba bai iso ba, ruwa kuma ya ɗauke. Ba komai, sai baɗi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 1964
Bobbo ya sa wuta a bakin fadama kamar yadda ya saba. Yau kwana goma sha biyu, ba toho ko ɗaya. Wato magani ya yi aiki ke nan. Haka zan rubuta wa ofishinmu na aikin gona.

Juma'a, 20 ga Maris
Samarin ruga sun kora garke kudu neman ciyawa. Bobbo ƙafa ba ta kai shi, ya zauna da shanu biyar masu shayarwa. Na gan su yau, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Na aika masa da harawa dami shida. Don zumunci ne kawai.

Litinin, 13 ga Afrilu
Biyu cikin shanun sun kwanta, an yanka. Mero, matar Bobbo, ta daina kawo nono kasuwa. Na je jaje, ina jiran ya faɗa mini magana ko ɗaya in sami abin amsawa. Sai ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 18 ga Yuli
Gamba ta tsiro, ta yi kyau, kamar yadda na ce. Shanu uku suka rage su ci ta. Ofis sun ce in tafi makiyayar Gubuchi in fesa sauran ganga biyun. Na amsa musu cewa famfo ya lalace, sai an gyara. Gobe zan je in zauna da tsofaffin rugar can tukuna. Famfon lafiyarsa ƙalau.