Ku Maido Mini Da Raken Surukina

Zuwa ga Shugaban gonar gwajin rake ta Jiharmu ta Arewa Maso Gabas.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Buba, manomin rake a fadamar bakin Binuwai, Jimeta. Kunya ce ta sa ni rubutu, ba son fitina ba.

Na farko, fadamar ta surukina ce, Modibbo, dattijo a cikin garin Yola. Baƙin raken da ke cikinta na gado ne, mai laushi, ko tsohuwa tana sha. Bara ma'aikatanka suka ce in cire shi in dasa sabon irin da kuka haɗa. Suka kwashi damman tsohon irin, wai za ku aura shi da naku.

Na biyu, naku ya yi tsawo, ba ya tsutsa, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya gaya mini don injin kamfanin sukari kuka yi shi, ba don haƙorin ɗan Adam ba. Haba, ranka ya daɗe! Mu nan shan rake muke yi. A kasuwa duk wanda ya gatsa sai ya ajiye.

Na uku, shi ne mai zafin. Kowace shekara damin farko gidan Modibbo nake kai wa. Bana na kai da alfahari, aka fere masa a gaban baƙi. Ya gatsa, na ji ƙas! Ka san Bafillace da kunya. Bai tofar ba, bai ɓata fuska ba, ya rufe baki da rawani ya sa mini albarka. Matata ce ta gaya mini haƙorin gaba ne ya tafi. Wallahi tun ranar ban iya taka zaurensa ba.

Rake ba shi da ƙwayar da za a adana, sai gaɓa mai ido. Na zaga fadamun maƙwabta, babu irin baƙin raken nan. A hannunku kaɗai ya rage.

Roƙona, ku ba ni ko dami ɗaya kafin lokacin dashe ya wuce. Kuma in kun sake haɗa iri, a sa wani ya gatsa tukuna.

Haƙori ba zai dawo ba. Har yau Modibbo bai tambaye ni raken mahaifinsa ba, kuma na san ba zai taɓa tambaya ba.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya kare ka daga jin kunya a gaban surukai.

Wassalam.
Buba mai rake, Jimeta.