Amsar da Habiba ta Bayar a Aji

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kiyako lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka kwantar da hankalinka game da 'yarka Habiba, da aka ce za ta maimaita aji biyu saboda ba ta iya karatu sosai ba. Ranar Talata malamarsu ta tambaye su, "Makiyayi yana da shanu goma, duk sun haye rafi sai uku. Nawa suka rage?" Yara suka ɗauka, "Bakwai!" Habiba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, uku ne. Ai kin ce duk sun haye sai uku."

Da la'asar malamar ta zo gida da kanta. Ta ce yarinyar da ke auna magana haka tana da kai, haɗa baƙi ne kawai ke ba ta wuya. Za ta wuce aji uku, ni kuma kullum zan zaunar da ita ta karanta mini. Inna har da hawaye.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mai masaukinka. Habiba ta ce ka taho mata da littafin tatsuniya, da bakinta za ta karanta maka.

Yayarka,
Rabi