Na Yi Shiru Ƙanena Ya Zaɓi Tayar Da Za Ta Binne Shi A Rairayi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin a taimaka a ɓoye sunana, direbobin Maraɗi sun yi yawa a nan, ba na so gobe a riƙa nuna ni da baki a garaj. Don Allah ku ba ni shawara, abu ne yake damuna, na rasa wanda zan faɗa wa da ba zai yi min dariya ko ya zage ni ba.

Ni direba ne, ɗan Tibiri, aiki ya zaunar da ni Maraɗi. Tun gemuna bai fara furfura ba nake tuƙa katkat, wato motar shiga daji, ta wani Alhaji ɗan kasuwa. Yana da dabbobi a hannun makiyaya can arewa, gaba da Dakoro, kuma duk rani sai an kai musu hatsi da dusa da suga da shayi, a duba raƙuma da shanu a dawo. Wannan tafiyar tawa ce, kowa a gidan ya sani. Inda gudro, wato kwalta, ya ƙare nan aikina yake farawa. Makiyayan nan ƙarar motata kawai suke ji su ɗora shayi, ba na dawowa ba tare da cuku a bayan kujera ba. Ba yabon kai ba, amma ko taya za a saya wa motar, Alhaji ba ya tambayar kowa sai ni.

To akwai ƙanena, ɗan ƙanin mahaifina ne, bari in kira shi Lawali. Ni na kawo shi gidan da hannuna, na tsaya masa har ya samu permi, takardar izinin tuƙi, aka ba shi tsohuwar mota yana kwaso tumatir da albasa da tattasai daga garkar Alhaji, lambunsa na Jiratawa, zuwa kasuwa. Yaro ne mai fara'a, ga ladabi, ga iya gaisuwa, ni kuwa Allah bai yi ni da yawan washe baki ba. Bara ciwon baya ya kwantar da ni, shi ya riƙa kai Alhaji nan da can a kan kwalta. Da na miƙe sai na tarar an sayo katkat sabuwa dal, leda ma ba a cire wa kujeru ba, kuma makullin yana aljihun Lawali. Alhaji ya ce wai tausayin bayana yake ji, in huta da hanyar arewa, in riƙa kai matarsa Hajiya biki da suna, in an buƙata in taɓa hanyar Jiratawa. Wato ni ne na koma ɗaukar tumatir.

Ba zan ɓoye muku ba, kishi nake yi, kishi mai zafi. In na gan shi da safe yana goge madubin motar nan yana 'yar waƙa, wallahi abin karyawa ba ya wuce min. Har turaren da ya rataya a ciki haushi yake ba ni. Mun yi cacar baki da uwar yarana a kan haka, ta ce tun da aka sayi motar nan ban sake yi wa kowa magana mai daɗi a gida ba, ta ce ɗan'uwana ne ba baƙo ba, in arziki ya same shi ai gidanmu ya shigo. Na ce mata ita ba ta san abin da ake ji ba in mutum ya zauna yana jiran Hajiya a ƙofar gidan biki, yara suna jingina da mota suna shan rake. Ta ce to in ci gaba da kumbura har in fashe, ba mu sake magana ba ranar.

Yanzu ga inda matsalar take. Tafiyar bana ta matso, tayoyin da motar ta zo da su kuwa na cikin gari ne, ba za su yi ba. Alhaji ya kira ni ya ce in raka Lawali Sabon Gari wajen mai tayar da muka saba, in duba masa, amma tunda shi zai tuƙa in bar shi ya ga wadda ta kwanta masa. Muka je. Mai tayar ya fito da iri biyu. Akwai wadda na saba sawa, ta kowace hanya, haƙoranta matsakaita, gefenta mai kauri don ƙaya da kututture, in ka shiga rairayi ka rage mata iska sai ta baje kamar tafin raƙumi ta bi ta sama. Akwai kuma ta taɓo, mai manyan haƙora gatso-gatso, wadda ko a jingine take sai ka ce za ta ciji mutum.

Lawali yana ganin mai haƙoran nan ya rungume ta. Kuma ban ga laifinsa ba, duk tuƙinsa na wahala a fadamar Gulbi ya yi shi, da damina, inda laka take riƙe mota, can kam tayar da ta fi haƙori ita ce sarauniya. Shi a ganinsa abin da ya fitar da kai daga taɓo zai fitar da kai daga komai. Bai san rairayi ba a cizonsa ba. Haƙoran nan in suka samu yashi mai laushi haƙa suke yi kamar hauya, kana ba ta wuta tana nutsewa, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Ga shi ban taɓa ganin ya rage wa taya iska ba, shi kullum a cika ta tam.

Mai tayar ya san hanyar da motar take bi, sai ya ɗago ya kalle ni yana jira in yi magana. Lawali ma ya juyo ya ce, "Yaya, ya ka gani? Wagga ai ko dutse ta hau sai ta tauna shi." Jama'a, sai na zaro waya na yi kamar ana kirana, na ɗaga kafaɗa na ce ai shi ne direba. Aka ware masa guda biyar har da sifiya. Ba a riga an ɗaura su ba, jibi za a kai motar, kuma mai tayar ya faɗa a gabanmu cewa muddin ba su hau mota ba ana iya canzawa.

Tun ranar zuciyata take kai ni tana kawo ni. Wani lokaci in ce ai ba mutuwa zai yi ba, zai dai maƙale ne ya wuni yana haƙa, kayan su makara, Alhaji ya gane tuƙin kwalta daban na daji daban, ya dawo min da makullina. Har hango kaina nake yi an turo ni in je in jawo shi, ina sauka daga mota a hankali kowa yana kallo. Kuma gaskiya in na hango haka daɗi nake ji, Allah ya yafe min. Amma na san wurin. Akwai inda waya ba ta kamawa, rijiya da nisa, zafin rani kuwa ba ya wasa da wanda ruwansa ya ƙare. Ba shi kaɗai ba ne a motar, akwai ɗan Alhaji da masu lodi biyu, ɗaya ma dattijo ne. In kuma na gyara masa, na zaɓa masa ta ƙwarai, na koya masa rage iska, to ya je lafiya ya dawo lafiya, hanyar ta zama tasa har abada, ni kuma ni da tumatir sai abin da Allah ya yi. Da hannuna zan rufe wa kaina ƙofa.

Na yi tunanin in je wajen Alhaji kai tsaye in ce yaron nan bai isa tafiyar ba, amma zai tambaye ni ina nake lokacin da aka zaɓi tayar, kuma duk gidan za a ce hassada ce. Abin haushin ma ba za su yi ƙarya ba.

Jiya da la'asar sai ga Lawali a gidana, ya kawo wa yara kankana. Muka zauna a tabarma, ya yi ta murza hularsa, can ya ce shi fa tsoron tafiyar nan yake ji, bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Sai ya ce, "Amma Yaya, tunda kana tsaye wurin aka zaɓe su ba ka ce komai ba, hankalina ya kwanta. Na san da akwai matsala ba ka bari na." Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya tsare hanya. Ya ce amin, ya tafi yana murna.

To 'yan'uwa, musamman direbobin da suka san arewa da waɗanda aka taɓa ɗauke musu aiki aka ba na bayansu, ku faɗa min. In kira shi mu koma Sabon Gari a canza, in ce masa me ya hana ni magana tun farko? In faɗa masa gaskiya ko in ce mantawa na yi? Kuma in na yi hakan, yaya zan yi da wannan abin da yake cin raina duk safiya in na ji ya tayar da motar? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. Jibi ake ɗaura tayoyin, yaron nan kuma da shiruna zai shiga daji.