Hoton Tunkiya Daga Baba

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni karatu.

Ni ɗaliba ce a jami'a, ina zaune a Rijiyar Zaki, gidanmu kuma yana ƙauye. Babana manomi ne. Bara na saya masa babbar waya, na koya masa WhatsApp. Ni ce 'yar fari, don haka tun tasowata bai taɓa kiran sunana ba. Na san al'ada ce, amma na zaci a waya, inda ba idon kowa, zai saki jiki da ni.

Ina rubuta masa dogon saƙo, in jera hotunan zuciya da fuskar kuka don ya san ina kewarsa. Amsarsa "To". Ranar da na ci jarrabawa ma "To, madalla" kawai. Amma a zauren gidanmu na WhatsApp sai ya rubuta wa ƙanwata Muhsina addu'a layi uku, har da fure! Ni kuwa duk Juma'a hoton wata tunkiya yake turo mini, wadda kakata ta ba ni ina ƙarama, ko kalma babu. Me zan yi da tunkiya? Mako uku ke nan ban rubuta masa ba, kuma na yanke ba zan je gida hutun nan ba. Na yi laifi?

Mai Kewar Gida

Wa'alaikumus salam 'yata. Ba ki yi laifi da kika ji ciwo ba. Kowane ɗa yana son jin kalma mai daɗi daga mahaifinsa, kuma kin yi ƙoƙari.

Amma kunyar ɗan fari ba don idon jama'a kaɗai ake yin ta ba. Shekara ashirin yana riƙe da ita, waya ba za ta sauke masa ita a damina ɗaya ba.

Yanzu koma kan tunkiyar. Mutum ya baro aikin gona, ya je turke, ya saita waya da hannun da ya saba da fartanya, duk Juma'a. Muhsina ta taɓa samun wannan hoton? Ke kina da zuciya ja da za ki latsa, shi tunkiyarki yake da ita. Duba wayarki ma, ina kyautata zaton makonnin nan uku da kika yi shiru hoton bai daina zuwa ba.

Ki rage dogon rubutu. Juma'ar nan ki amsa masa da tambaya ɗaya: ta kusa haihuwa? A maganar dabba bakinsa zai buɗe, ko da saƙon murya ne. Wataƙila ba zai taɓa turo miki fure ba, ki shirya wa hakan.

Hutu kuwa, ki je gida. Ki bi shi turke da safe, ki riƙe masa kwanon dusa.

Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa tunkiyarki ta haifo miki tagwaye.